Awon Zafi da Haruffansa Uku: Daga Salshiyas Zuwa Kelbin

 Darasin wannan takarda a kan awon zafi yake, da yadda ake mayar da lamba daga wani ma'auni zuwa wani. Lissafi ne mai sauƙi, wanda duk mai iya ba da canji a kasuwa zai iya yi da ka, amma lafiyar yaro da ingancin magani suna rataye da shi.

Idan baƙo ya tsaya a rumfarka ya ce ya sayi buhun masara dubu ashirin, abin da za ka fara tambayarsa shi ne, "Sefa ko naira?" Lambar kaɗai ba ta gaya maka kome ba, sai ka san kuɗin wace ƙasa ake nufi. Haka awon zafi yake. Idan aka ce zafin jikin yaro 100 ne, ko aka ce firiji yana kan 8, maganar ba ta cika ba sai an faɗi harafin da ke bayan lambar, ko C ne, ko F, ko K. Zafin jikin lafiyayyen mutum 37 ne a harafin C, 98.6 a harafin F, 310 a harafin K, alhali jikin ɗaya ne, zafin ɗaya.

Ma'aunai uku da asalinsu

Na farko shi ne Salshiyas, mai alamar °C. Shi ake aiki da shi a asibitocin Kamaru da Cadi da Nijeriya, shi ne kuma rediyo ke nufi idan aka ce zafin Garwa ya haura digiri 40 a watan Afrilu. Sunansa ya fito daga Anders Celsius, masanin taurari ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya tsara shi a 1742. A wannan ma'auni ruwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara a 0, yana tafasa a 100. Abin da ya fi ƙanƙara sanyi sai a sa masa alamar ɗebewa a gaba, kamar −20°C, a karanta shi digiri ashirin ƙasa da sifili.

Na biyu shi ne Farenhait, mai alamar °F, wanda Daniel Gabriel Fahrenheit ya fito da shi a 1724. A cikinsa ruwa yana daskarewa a 32, yana tafasa a 212. Amurka ce babbar ƙasar da har yanzu take riƙe da shi a harkokin yau da kullum. Yana shigo mana ta kwalayen wasu magunguna, da ta tsinken awon zafi mai batir da na'urar auna goshi, irin waɗanda suka cika kasuwanni tun lokacin annobar korona a 2020. Yawancinsu suna iya nuna C ko F, kuma danna maɓalli bisa kuskure ya isa ya juya su daga wannan zuwa wancan.

Na uku shi ne Kelbin, mai harafin K shi kaɗai, ba tare da ɗan da'irar nan ta digiri ba. Shi ne ma'aunin masana kimiyya a ko'ina cikin duniya, shi 'ya'yanku ke haɗuwa da shi a makarantar sakandare, shi ne kuma ke rubuce a jikin kwalin ƙwan lantarki. William Thomson, malami a jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, shi ya kawo shawararsa a 1848. A 1892 aka naɗa shi sarauta da sunan kogin Kelvin da ke wucewa kusa da jami'ar, kamar yadda ake kiran hakimi da sunan ƙasarsa, daga nan ma'aunin ya sami suna. Babban taron awo na ƙasashen duniya ya kafa shi a kan ƙa'ida a 1954, a 1967 kuma aka cire masa kalmar digiri. Don haka "kelbin 310" ake cewa.

Inda sanyi ya ƙare

Kowane abu, ruwa ne ko iska ko ƙarfe ko jini, an gina shi da 'yan ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma kullum cikin motsi suke. Abin da muke ji a fata muna kira zafi, ƙarfin wannan motsin ne. Ku dubi kasuwa da hantsi, ana kai da kawowa, ana turereniya: haka ƙwayoyin ruwan zafi suke. Da la'asar sakaliya jama'a sun ragu, tafiya ta yi sanyi: haka na ruwan randa suke. Idan aka ci gaba da rage motsin, za a kai wani matsayi da babu sauran abin da za a iya ragewa. Nan ne iyakar sanyi, babu wani sanyi a bayansa. Masana sun gano cewa wannan iyaka tana digiri 273.15 ƙasa da sifilin Salshiyas. An matso kusa da ita ƙwarai a ɗakunan gwaji, amma ba a taɓa isa gare ta ba.

Thomson ya ga ya dace a fara ƙirga daga can. Ku ɗauki misalin rijiya. Mai Salshiyas yana tsaye a bakin rijiya, abin da ke sama yana ƙirga shi sama, abin da ke ciki yana cewa gaba kaza ƙasa da baki. Mai Kelbin kuwa ya sauka har ƙasan rijiyar ya kafa sifilinsa a can, saboda haka duk ƙirgarsa hawa ce, ba ya bukatar alamar ɗebewa ko sau ɗaya. Tsanin da suke hawa ɗaya ne, tazarar matakansa ɗaya ce. Bambancinsu wurin farawa ne kawai, kuma tsakanin ƙasan rijiyar da bakinta akwai mataki 273 da 'yar ɗoriya.

Ƙa'idar mayarwa

Daga Salshiyas zuwa Kelbin, a ƙara 273.15. Daga Kelbin zuwa Salshiyas, a ɗebe 273.15. A lissafin gida da kasuwa 273 ya wadatar. Ɗalibi mai jarrabawa shi ne zai riƙe ɗoriyar.15 idan malaminsa ya nema. Canjin sefa da naira yana hawa yana sauka, wannan lamba kuwa ba ta canzawa.

Ga misalai daga abin da kuka sani. Jikin lafiyayye yana 37°C; a ƙara 273, ya zama 310 K. Ranar bazara mai 42°C ta zama 315 K. Ƙanƙarar masu sayar da zoɓo tana narkewa a 0°C, wato 273 K. Ruwan shayi yana tafasa wajen 100°C, wato 373 K. Murhun masana'antar siminti, irin wadda aka san Figil da ita, yana gasa dutse a wajen 1450°C. A ƙara 273, ya zama 1723 K.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne lambar da ke ƙasa da sifili. Ku ɗauke ta kamar bashi. Wanda ake bin sa 20, aka ba shi 273, idan ya biya bashin saura 253 a hannunsa. To, firijin daskarar da kifi mai −20°C yana 253 K ke nan. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a doron ƙasa shi ne −89.2°C, a tashar bincike ta Vostok da ke ƙurewar kudancin duniya, a 1983. Wannan kimanin 184 K ne. Ta ɗaya ɓangaren, ruwan naitirojin da likitocin dabbobi ke ajiye irin bijimi a cikinsa yana 77 K. A ɗebe 273, ya ba da −196°C.

Akwai wani abu da ya kamata a kiyaye. Idan ana maganar yawan abin da zafi ya ƙaru ko ya ragu, ba a ƙara 273. Yaron da zafinsa ya tashi daga 37°C zuwa 39°C ya ƙaru da mataki biyu. A Kelbin ma daga 310 zuwa 312 ne, mataki biyu dai.

Idan lambar da harafin F ta zo

Farenhait ba ya shiga Kelbin kai tsaye, sai ya ratsa ta Salshiyas, domin matakansa sun fi ƙanƙanta. A fara ɗebe 32, a raba abin da ya rage da 1.8, sakamakon shi ne Salshiyas. Tsinken awo ya nuna 104°F: a ɗebe 32 saura 72, a raba da 1.8 ya ba da 40°C, a ƙara 273 ya zama 313 K. Ya nuna 101.3°F: saura 69.3, a raba ya ba da 38.5°C. Kowace wayar hannu tana da na'urar lissafi da za ta yi wannan nan take.

Ku lura kuma da yadda ake rubuta ɗoriya a ƙasashenmu. A takardun Faransanci na Kamaru da Cadi waƙafi ake sawa, a rubuta 38,5. A takardun Ingilishi na Nijeriya ɗigo ake sawa, a rubuta 38.5. Duka biyun talatin da takwas da rabi suke nufi. Wanda ya kai katin asibitin Garwa zuwa Yola, ko na Mubi zuwa Gidar, kada wannan ya rikita shi.

Lambobin da ya kamata a haddace

2°C zuwa 8°C, wato 35.6°F zuwa 46.4°F, wato 275 K zuwa 281 K: mazaunin allurar rigakafi.
25°C, wato 77°F, wato 298 K: iyakar ajiyar wasu magunguna.
30°C, wato 86°F, wato 303 K: iyakar ajiyar magunguna da yawa.
35.5°C, wato 95.9°F: ƙasa da wannan, jariri ya yi sanyi mai haɗari.
37°C, wato 98.6°F, wato 310 K: jikin lafiyayye.
37.5°C, wato 99.5°F: zazzaɓi ya fara, idan a hammata aka auna.
39°C, wato 102.2°F, wato 312 K: zazzaɓi mai ƙarfi.
40°C, wato 104°F, wato 313 K: a tafi asibiti ba tare da jira ba.

Awon zazzaɓi a gida

Tafin hannu yana iya shaida cewa jiki ya yi zafi, amma ba ya faɗin nawa ne, musamman a bazara da kome ke da ɗumi. Uwa ki goge hammatar yaro ta bushe, ki sa kan tsinken a tsakiyarta, ki manne hannunsa da jikinsa har tsinken ya yi ƙara. Kafin ki karanta lambar, duba harafin da ke gefenta. Idan kika ga 99 da harafin F, wannan digiri 37.2 ne, bai kai zazzaɓi ba. Idan kika ga 103 da F, ya haura 39, sai a yi hanzari. Ki rubuta lambar da harafinta da lokacin awon, ki kawo mana takardar, domin tana taimaka wa ma'aikacin lafiya ya gane yadda ciwon ke tafiya. Na'urar goshi kuwa takan yi kuskure idan mutum ya fito daga rana ko goshinsa yana jiƙe da gumi, sai ya huta a inuwa tukuna.

A yankinmu zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba, musamman da damina da kaka, amma ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Gwajin ɗigon jini na yatsa yana ba da amsa cikin kimanin minti ashirin, kuma shi ya kamata ya riga magani. Farasitamol yana saukar da lamba, yaro ya sami sauƙi, cutar kuwa tana nan inda take. Kada a ba yaro asfirin. A rage masa tufafi, a ci gaba da ba shi nono da ruwa, a shafe shi da ruwa mai ɗumi kaɗan, ban da na ƙanƙara.

Akwai alamun da ba a jiran lamba a kansu: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, amai da duk abin da aka ci, barcin da ba a iya tayarwa, numfashi da ƙyar, da sandarewar wuya, wadda take iya zama sanƙarau, cutar da ta fi tashi da rani. Jaririn da bai kai wata biyu ba, idan awonsa ya kai 37.5°C ko ya faɗi ƙasa da 35.5°C, a kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Magani a rumfa, rigakafi a firiji

Kowane kwalin magani yana ɗauke da iyakar zafin da zai iya jurewa. Maganin zazzaɓin cizon sauro mai haɗin atemeta da lumefantirin, alal misali, ana son a ajiye shi ƙasa da 30°C. Wani kwalin zai ce 68 zuwa 77 da harafin F, ma'anarsa 20°C zuwa 25°C. To, ku gwada wannan da rumfar kwano a watan Maris, ko bayan motar da ta taso daga Garwa zuwa Marwa da tsakar rana, inda zafi ke zarce na waje nesa. Maganin da ya kwana biyu a irin wannan wuri yakan rasa ƙarfinsa ba tare da launinsa ya sauya ba. Mai saye ya biya kuɗi, ya sha, ciwo bai tafi ba. Saboda haka a sayi magani inda hukuma ta yarda a sayar, a gida kuma a ajiye shi a ɗaki mafi sanyi, nesa da murhu da taga, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Allurar rigakafi ta fi haka tsanani. Daga ma'ajiya har zuwa ranar da za a yi wa yaro, yawancinta tana zama tsakanin 2°C da 8°C. Haka rigakafin zazzaɓin cizon sauro yake, wanda Kamaru ta riga kowace ƙasa sa shi cikin rigakafin yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairu 2024. Zafi yana lalata rigakafi, daskarewa ma tana lalata wasu, kamar na tetanus da na ciwon hanta, kuma narkewa ba ta dawo musu da ƙarfi. Insulin na masu ciwon sukari da ba a buɗe ba shi ma 2°C zuwa 8°C yake so, ba a sa shi a gidan ƙanƙara.

A nan kuskuren harafi yake da tsada. Ma'aunin firiji da aka bari a kan F, idan ya nuna 40, lafiya lau, domin wajen 4°C ne. Wanda ya ɗauka C ne zai firgita, ya murɗa sanyi har lambar ta sauko 8. Amma 8°F digiri 13 ne ƙasa da sifili, duk abin da ke ciki ya daskare ke nan.

Inda Kelbin ke aiki a kasuwa

Mai karatu zai ce, tun da asibiti da Salshiyas yake aiki, mene ne nawa da Kelbin? Amfaninsa yana fitowa duk lokacin da ake maganar ninki. Idan safiyar hunturu tana 20°C, ranar bazara tana 40°C, mutum zai zaci zafi ya ninka biyu. A mayar da su Kelbin, 293 da 313, sai a ga ƙarin wajen kashi 7 ne cikin ɗari. Lissafin Kelbin shi ne na gaskiya, domin shi ya fara daga ƙasan rijiya.

Iskar da aka kulle a mazubi tana bin wannan lissafin. Tukunyar oksijin ta asibiti da ke ɗaki mai 27°C tana 300 K. Idan aka yasar da ita a rana har ƙarfenta ya kai 57°C, ta zama 330 K, matsin iskar da ke ciki ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari. Haka tayar babur da ta mota suke a kan kwalta mai zafi, shi ya sa ake auna iskar taya da safe kafin a yi tafiya. Tukunyar gas ta girki ta fi wannan saurin ɗaukar matsi, domin abin da ke cikinta ruwa ne mai komawa iska. Gwangwanin feshin sauro kuma an rubuta a jikinsa kada ya wuce 50°C, wato 323 K. Masu sayar da waɗannan kaya su ajiye su a inuwa, kada a jefa gwangwanin a wuta ko da ya ƙare.

Sai ƙwan lantarki, wanda ake gani an rubuta 3000 K ko 6500 K a kwalinsa. Lambar launin haske take nufi, ƙwan kansa bai kai wannan zafi ba. Ƙarfe a maƙera yakan fara ja, ya koma ruwan ɗorawa, idan wuta ta ƙaru ya yi fari. Da wannan aka kwatanta: 3000 K haske ne mai ɗan ja irin na fitilar ƙwai, 6500 K fari ne fat irin na tsakar rana. Fuskar rana kanta tana wajen 5800 K. Mai sayar da atamfa zai fi son farin domin launin kaya ya fito, ɗakin kwana kuwa mai ɗan jan ya fi masa daɗi.

Gwada kanka

1. Zafin yaro 38°C ne. Nawa ne a Kelbin?
2. Littafin ɗalibi ya ce 303 K. Nawa ne a Salshiyas?
3. Tsinken awo ya nuna 100.4°F. Akwai zazzaɓi?
4. Firiji yana −18°C. Nawa ne a Kelbin, kuma za a iya ajiye insulin a ciki?
5. Ma'aunin akwatin rigakafi ya nuna 50°F. Yana cikin iyaka?

Amsoshi: na ɗaya, 311 K. Na biyu, 30°C. Na uku, 38°C ne, akwai zazzaɓi. Na huɗu, 255 K, ba za a ajiye ba domin zai daskare. Na biyar, 10°C ne, ya haura iyaka da mataki biyu, sai a sanar da mai kula da rigakafi.

Ku ajiye wannan takarda tare da katin rigakafin yara. A ba ɗan makarantar da ke gidan ya kwafe jerin lambobin nan a kwali, a rataya kusa da inda ake ajiye magani. Wanda tsinken awonsa ya maƙale a kan F, ya kawo shi cibiyar lafiya mafi kusa, ma'aikaci zai mayar masa da shi kan C, ya kuma nuna masa yadda ake yi. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.